KABAYID DA ISKAR ASITILIN: HALAYENSU, AMFANINSU DA HANYOYIN KIYAYE HAƊARINSU

Gabatarwa

Duk wanda ya bi ta bakin garejin masu gyaran jikin mota a Maiduguri, ko a Hanyar Baga ko a Hanyar Bama, ba zai rasa jin wani wari mai kama da na tafarnuwa ba, zai kuma ga wani farin taɓo a zube kusa da tukunyar walda. Warin nan da taɓon nan duka daga abu guda suka fito, watau kabayid. Wannan dutse mai launin toka ya daɗe yana yi wa masu sana'a hidima a ƙasar nan, amma kaɗan ne daga cikin masu taɓa shi kullum suka san asalinsa da halinsa. Har ila yau, a 'yan shekarun nan ya fita daga gareji ya shiga rumfunan masu sayar da 'ya'yan itace, inda ba shi da wurin zama ko kaɗan.

Manufar wannan darasi ita ce a bayyana wa jama'a ko menene kabayid, da irin iskar da take fita daga gare shi, da matsayinsu a masana'antun duniya, da kuma ƙa'idodin da ya wajaba a bi wajen ajiye su da aiki da su. An ɗauki misalai daga Maiduguri, amma gargaɗin ya shafi kowane gari na Nijeriya.

Ma'anar Sinadarin Tsaka-tsaki

Masaƙi ba ya ɗaukar auduga daga gona ya mayar da ita riga nan take. Sai an gurje ta, an kaɗa ta, ta zama zare tukuna. Zaren nan ba wanda yake sa shi a jiki, amma in babu shi babu tufa. To, haka lamarin yake a masana'antar sinadarai. Tsakanin ɗanyen kaya, irin su kwal da man fetur da farar ƙasa, da kuma kayan da suka kammala, irin su roba da magani da fenti, akwai waɗansu sinadarai da suke tsayawa a matsayin zare. Su ake kira sinadaran tsaka-tsaki. Iskar asitilin tana cikin manyansu, kabayid kuwa shi ne uwarta.

Akwai abu ɗaya da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga nan. Ana zaɓen sinadari ya zama na tsaka-tsaki ne saboda saurin haɗuwarsa da waɗansu abubuwa. Wannan sauri shi ne amfaninsa, shi ne kuma haɗarinsa. A daren 2 ga Disamba 1984, a birnin Bofal na ƙasar Indiya, ruwa ya shiga tankin wani sinadarin tsaka-tsaki a masana'antar maganin ƙwari, iska mai guba ta tashi ta lulluɓe unguwannin da ke kewaye, dubban mutane suka halaka. Sinadarin Bofal daban yake da kabayid, amma sun yi tarayya a hali guda: dukansu ba sa shiri da ruwa.

Asalin Kabayid

Ba a haƙo kabayid daga ƙasa. Ƙera shi ake yi. Ana ƙona farar ƙasa, sa'an nan a haɗa ta da gawayin kwal a cikin babbar tanda mai aiki da wutar lantarki, a zafin da ya kai digiri 2,000 na ma'aunin santigireti. A wannan zafi sai kalsiyam na farar ƙasa ya haɗu da kabon na gawayi, su narke, a zuba su su daskare, a farfasa su, a rufe a cikin gangunan ƙarfe.

Wani masani Bajamushe mai suna Friedrich Wöhler ne ya haɗa kabayid a 1862, ya kuma ga cewa yana fitar da asitilin in ya taɓa ruwa. Ita iskar kanta Edmund Davy ya riga ya gano ta tun 1836. Amma kabayid bai zama hajar kasuwa ba sai a 1892, sa'ad da Thomas Willson, mutumin Kanada da ke aiki a Amurka, ya sami hanyar yin sa da yawa a tandar lantarki. A shekarar nan kuma Henri Moissan ya kai ga irin wannan sakamako a Faransa. A yau ƙasar Sin ce take yin mafi yawan kabayid na duniya. Wanda ake sayarwa a kasuwanninmu galibi daga waje ake shigo da shi.

Halayen Kabayid da na Asitilin

Muddin kabayid yana bushe, ba ya ci da wuta. Da zarar ruwa ya taɓa shi sai ya fara tafasa, ya yi zafi ƙwarai, ya rabu gida biyu: iskar asitilin ta tashi sama, jiƙaƙƙiyar farar ƙasa ta kwanta a ƙasa. Wannan ita ce farin taɓon da ake gani a gareji. Ba sai an zuba masa ruwa ba ma. Raɓa, da laimar damina, da gumin hannu duk sun isa su tayar da shi. Kilo 1 na kabayid ɗin kasuwa yana ba da kimanin lita 300 ta iska.

Ita asitilin ba ta da launi, kuma ta ɗan fi iskar da muke shaƙa rashin nauyi. Tsantsarta kusan ba ta da wari. Warin tafarnuwar nan yana zuwa ne daga gurɓatattun abubuwa da suka biyo farar ƙasa da gawayi, musamman wata iska mai guba da ake kira fosfin, da kuma ɓurɓushin arsenik. Fosfin ita ce iskar da take fita daga ƙwayar maganin da ake sa wa wake da hatsi a rumbu domin kashe ƙwari. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mai karatu irin ƙarfinta.

Halaye uku ne suka sa asitilin ta fi yawancin iskoki masu cin wuta haɗari.

Na farko, faɗin iyakar kamawarta. In ta kai kashi 2.5 cikin 100 na iskar ɗaki, tana iya fashewa, haka kuma har zuwa sama da kashi 80 cikin 100. Ɗan tartsatsi kaɗan ya isa. A yi lissafi: shago mai tsawon mita 3, faɗin mita 3, tsayin mita 3 yana ɗauke da iska lita 27,000. Kashi 2.5 cikin 100 na wannan shi ne lita 675. Ke nan kabayid da bai kai kilo 2 da rabi ba, in ya jiƙe a rufaffen shago, ya isa ya mayar da shagon tamkar kurtun albarushi. Wanda ya buɗe ƙofa da safe ya kunna fitila ko ya ƙyasta ashana, shi ne zai tayar da ita.

Na biyu, ba ta jure matsi. In aka matse ta fiye da kima tana iya tarwatsewa da kanta, ko da babu iskar oksijin a wurin. Saboda haka ne ƙa'idar walda ta hana a yi aiki da ita a matsin da ya wuce PSI 15, watau kimanin bar 1 a agogon tukunya. Saboda haka ne kuma silindar asitilin ta bambanta da sauran: cikinta cike yake da wani abu mai ƙananan ramuka kamar soso, wanda aka jiƙa da ruwan asiton, iskar kuwa a narke take a cikin asiton ɗin.

Na uku, in ta daɗe tana gogar jan ƙarfe, ko azurfa, ko zaiba, takan haɗu da su ta haifar da wani gari mai fashewa in an buge shi ko an kankare shi.

Amfaninsu a Masana'antu

Kowace ƙwayar asitilin tana da ƙwayoyin zarra biyu na kabon da biyu na haidirojin. Kabon ɗin nan biyu an ɗaure su da juna da ɗauri uku. Masanin sinadarai yana iya kwance ɗauri ɗaya ko biyu daga ciki, ya ɗaura wani abu a gurbinsu. Wannan shi ne sirrin darajarta.

In aka haɗa ta da iskar haidirojin kuloraid, sai a sami sinadarin da ake yin robar PVC da shi. Bututun ruwa, da rigar wayar lantarki, da silin ɗin roba duk daga PVC ake yin su. Wani Bajamushe, Fritz Klatte, ya yi rajistar wannan hanya a 1912. A 1931 kamfanin DuPont na Amurka ya fitar da wata robar haɗi mai jure mai da zafi, wadda daga baya aka sa wa suna Neoprene, daga asitilin. A Jamus kuma Walter Reppe na kamfanin BASF ya gano yadda za a sarrafa asitilin a ƙarƙashin matsi ba tare da ta fashe ba, ya buɗe ƙofar sinadarai masu yawa. Ɗaya daga cikinsu shi ne PVP, wanda aka yi wa rajista a 1939. Shi ne yake riƙe da aidin a cikin jan ruwan da ake wanke rauni da shi a asibiti, ana kuma amfani da shi wajen ɗaure garin magani ya zama ƙwaya. Har wajen haɗa bitamin A da bitamin E ana amfani da asitilin.

Daga wajen 1960 masana'antun Turai da Amurka suka koma ga iskar etilin ta man fetur da gas, domin ta fi araha. Irin wannan hanya ake bi a masana'antar Eleme kusa da Fatakwal, inda ake yin roba daga gas. Amma Sin, da yake tana da kwal mai yawa, har yanzu mafi yawan PVC ɗinta ta hanyar kabayid take yin sa.

Shi kabayid kansa ana amfani da shi wajen cire farar wuta daga narkakken ƙarfe, da yin wani irin takin zamani. A da kuwa fitilar kabayid ce hasken masu haƙar ma'adinai da maharba. Gustaf Dalén na ƙasar Suwidin ya sami kyautar Nobel a 1912 saboda fitilun asitilin masu kunna kansu da ya ƙera domin shiryar da jiragen ruwa. A wannan shekara ce kuma silindar asitilin ta fashe a wurin gwaji ta makantar da shi. In gwani irin wannan bai tsira ba, ina ga wanda ya yi sakaci?

A nan gida babban aikinsa shi ne walda. Asitilin in ta haɗu da oksijin tana ba da harshen wuta mai zafin da ya wuce digiri 3,000, wanda yake yanka ƙarfe, ya kuma liƙe shi. Irin wannan walda ba ta bukatar lantarki. Mutanen Maiduguri sun ga darajar haka bayan Janairu 2021, sa'ad da aka lalata turakun babban layin lantarki da ke zuwa daga Damaturu, garin ya daɗe cikin duhu.

Ƙa'idodin Ajiya

A ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya yi ambaliya, ruwa ya shiga Gwange, da Kasuwar Litinin, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, da unguwanni masu yawa. An taɓa yin irin wannan ambaliya a 1994. A Fabrairu 2023 kuma gobara ta cinye babban ɓangare na Kasuwar Litinin. Mai ajiye kabayid ya kamata ya yi tunani a kan waɗannan abubuwa biyu, domin a ambaliya ruwa ne yake zuwa da kansa, a gobara kuwa 'yan kwana-kwana ne suke kawo shi.

1. A bar kabayid a cikin gangarsa ta ƙarfe, a rufe ta ruf bayan kowace ɗiba. Gangar tana ɗauke da shuɗiyar alama mai hoton harshen wuta da lamba 4, ma'anarta: akwai haɗari in ya jiƙe.

2. A ɗora ganga a kan dakali ko katako mai tsayi, a ɗakin da ba ya yoyo, wanda iska take ratsawa ta sama da ta ƙasa. Kada a ajiye shi a kwari ko kusa da magudanar ruwa.

3. Kada a kwana, ko a dafa abinci, ko a sha taba, ko a kunna janareta a ɗakin ajiya.

4. Kada a buɗe ganga da guduma da kurfi, domin tartsatsi. Gangar da ta kumbura alama ce iska ta taru a ciki. A nisance ta, a nemi masana.

5. A sayi gwargwadon bukata kawai, musamman daga Yuni zuwa Satumba, lokacin damina.

6. A rubuta a ƙofar ɗaki da manyan baƙaƙe cewa akwai kabayid a ciki, kada a zuba ruwa.

7. Gangar da ta ƙare ba ta zama mazubin ruwan sha ko na hatsi. Kada kuma a yanka ta da wuta.

Ƙa'idodin Aiki ga Masu Walda

Wajibi ne maigidan gareji ya koya wa yaransa waɗannan kafin ya ba su bakin walda a hannu.

1. A ajiye tukunyar kabayid a fili mai inuwa, nesa da inda tartsatsi yake zuba. Zafin Afrilu da Mayu a Borno yana wuce digiri 40, ƙarfen da ke rana kuwa ya fi haka nesa.

2. Kada a cika tukunya fiye da ma'auninta, kada a zuba garin kabayid mai laushi, domin yana tafasa gaba ɗaya. Kada a danne murfi da dutse don a ƙara wa wuta ƙarfi.

3. A sa na'urar tare wuta a kan tiyon asitilin da na oksijin, domin harshen wuta yakan koma da baya ya bi tiyo zuwa tukunya.

4. A nemi wurin da iska take zurara da ruwan sabulu. In ya yi kumfa, nan ne. Ba a nema da ashana.

5. Kada a haɗa tiyo da guntun bututun jan ƙarfe.

6. Silindar asitilin a tsaye take zama, a ɗaure. In an kawo ta a kwance, a tsayar da ita ta yi sa'o'i kafin a buɗe.

7. Kada mai ko giris ya taɓa bakin silindar oksijin.

8. A sa tabarau na walda da safar hannu busasshiya. Farin taɓon da ya rage a zuba shi a buɗaɗɗen rami, nesa da rijiya da yara da dabbobi. Kada a tura shi cikin rufaffiyar kwata, domin sau da yawa akwai sauran kabayid a cikinsa.

Iyaye kuma su hana yara wasan da akan yi da gwangwani da guntun kabayid don a ji ƙara. Murfin gwangwanin yana iya fasa ido.

In Haɗari Ya Auku

Wutar kabayid ba a kashe ta da ruwa, ba a kashe ta da kumfa. Busasshen yashi ake zuba mata, ko garin kashe gobara. A fitar da mutane, a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa 112, a kuma gaya musu tun daga farko cewa akwai kabayid. Silindar asitilin da wuta ta gasa tana iya fashewa ko bayan an kashe gobarar, saboda haka kada kowa ya ɗauke ta ko ya matsa kusa da ita. Sanyaya ta aikin ma'aikatan kashe gobara ne.

In gari ya zuba a fata, a kakkaɓe shi a bushe tukuna, sa'an nan a wanke da ruwa mai yawa. In ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta har minti 15 ko fiye, kada a murza, a garzaya asibiti. In an shaƙi iskar har kai ya yi nauyi, a fitar da mutum sarari. In yaro ya haɗiya, kada a sa shi amai, a kai shi asibiti nan da nan, a kuma faɗa wa likita abin da ya haɗiya.

Kabayid da 'Ya'yan Itace

Mangwaro da ayaba da gwanda suna fitar da iskar etilin da kansu sa'ad da suka ƙosa, ita ce take umartar ɗan itace ya nuna. Asitilin ta yi kama da etilin, don haka takan yaudari ɗan itacen ya canja launi. Wannan ne ya sa waɗansu 'yan kasuwa suke tsinko ɗanyen kaya, su ƙunsa kabayid a takarda su cusa a tsakiyar kwando, su rufe, bayan kwana ɗaya ko biyu kaya ya yi rawaya.

Illar wannan ɗabi'a ta kasu uku. Garin kabayid yana ƙona baki da maƙogwaro da ciki. Fosfin da arsenik da ke tare da shi guba ne. Suna kawo ciwon kai da jiri da amai da gudawa, arsenik kuwa in ya daɗe yana shiga jiki yana cikin abubuwan da suke haddasa ciwon daji. Wanda ya fi kowa shaƙarsu shi ne ɗan kasuwar kansa da yaran da ke kwana a rumfa. Sa'an nan kayan da aka tsinka bai ƙosa ba, bawonsa ne kawai yake nuna. Cikinsa yakan zauna da tsami, ba ƙamshi, ya kuma ruɓe da wuri. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, watau NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta haramta nuka 'ya'yan itace da kabayid, tana kuma yi wa jama'a gargaɗi a kai a kai. Indiya ma, wadda ta fi kowace ƙasa noman mangwaro, ta haramta shi. Abin da ta yarda da shi shi ne iskar etilin a ɗaki na musamman, gwargwadon da bai wuce kashi 100 cikin miliyan ba.

Hanyar da iyayenmu suka bi tana nan, kuma kimiyya ta gaskata ta. A bar kaya ya ƙosa a bishiya, a tsinka, a jera a kwando da ciyawa ko ganye busasshe, a sa nunanniyar ayaba ko nunannen mangwaro a tsakiya, a rufe da buhu. Etilin da nunannen yake fitarwa ita za ta nuka sauran cikin 'yan kwanaki.

Mai saye kuma ya lura da ayabar da jikinta ya yi rawaya fes alhali wuyanta kore ne shar, da mangwaron da ya yi launi amma ba ƙamshi, da garin toka-toka a jikin bawo. Waɗannan alamu ne na tuhuma, ba su kai hujja ba. Gwaji a ɗakin bincike ne kaɗai yake tabbatarwa. A wanke kowane ɗan itace da ruwa mai gudu, a feɗe bawon kafin a ba yara. Wanda ya ga ana wannan aiki ya sanar da shugabannin kasuwa, ko duba-gari, ko ofishin NAFDAC mafi kusa.

Tambayoyi Domin Bita

1. Me ake nufi da sinadarin tsaka-tsaki? Kawo misali ɗaya.
2. Waɗanne abubuwa biyu ake samu in ruwa ya taɓa kabayid?
3. Lita nawa ta iska kilo 5 na kabayid zai bayar?
4. Don me ba a kashe wutar kabayid da ruwa?
5. Bayyana hanyar nuka mangwaro wadda ba ta da haɗari.

Jawabin Ƙarshe

Ana roƙon malaman makarantu, da shugabannin ƙungiyoyin masu walda da na masu sayar da 'ya'yan itace, da masu unguwanni, su karanta wannan takarda a gaban jama'arsu, su kuma fassara ta da Barbarci da sauran harsuna ga waɗanda ba sa jin Hausa. Kafin damina ta faɗi, kowane mai ajiye kabayid ya duba rufin ɗakinsa, ya ɗaga gangarsa daga ƙasa, ya tanadi bokitin busasshen yashi a bakin ƙofa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.